Old Trafford: A gyara tsohon gida ko a gina sabo, kuma wa zai biya?

A ranar 11 ga watan Maris na 2025 ƙungiyar Manchester United ta sanar cewa ta zaɓi gina sabon filin wasa mai ɗaukar mutum 100,000 dab da Old Trafford, maimakon ta gyara gidan da take ciki tun 1910. An ƙiyasta aikin zai ci fam biliyan 2, wato sama da miliyar 1,500 na kuɗin sefa. Hotunan zanen sun karaɗe Facebook da WhatsApp cikin ƴan sa'o'i, kuma a gidajen kallon ƙwallo na Maraɗi da Damagaram da Yamai, inda United ke da magoya baya tuli, sun ƙara wa muhawarar dare armashi. Sai dai zane daban, tubali daban. Ƙungiyar da ta fitar da waɗannan hotuna ita ce wadda ke sallamar ma'aikata tana cewa aljihunta ya bushe.

Old Trafford shi ne filin ƙungiya mafi girma a Ingila, yana ɗaukar mutum kusan 74,000. Archibald Leitch ne ya zana shi, aka buɗe shi a watan Fabrairun 1910 da wasan da Liverpool ta ci United 4-3. A watan Maris na 1941 jiragen yaƙin Jamus suka yi masa ruwan bama-bamai, abin da ya tilasta wa United aron filin Maine Road na maƙwabciyarta Manchester City har zuwa 1949. A jikin bangonsa akwai agogon tunawa da haɗarin jirgin sama na Munich na ranar 6 ga Fabrairun 1958, wanda ya yi ajalin mutum 23, takwas daga cikinsu ƴan wasan ƙungiyar. A harabarsa akwai mutum-mutumin George Best da Denis Law da Bobby Charlton, kuma Charlton ɗin ne ya laƙaba masa sunan da aka fi saninsa da shi, Dandalin Mafarkai. Ya karɓi wasannin Kofin Duniya na 1966, na Kofin Turai na 1996, da wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2003 tsakanin AC Milan da Juventus. Duk wanda ke cewa a bar wannan wuri dole ya san abin da yake cewa a bari.

To amma ginin ya tsufa, kuma tsufan bai ɓoyu ba. Babban aikin faɗaɗawa na ƙarshe da aka yi masa ya kammala ne a 2006. A watan Mayun 2024, ranar da Arsenal ta ci United 1-0, an yi ruwan sama mai ƙarfi, duniya ta ga ruwa na kwarara daga rufi zuwa kan kujeru kamar indararo. Kafin nan ma an riga an ci fuskarsa: da Birtaniya da Ireland suka fitar da jerin filayen da za a buga Kofin Turai na 2028, babu Old Trafford a ciki. Filin Etihad na Manchester City aka ɗauka.

Yadda aka kai ga haka

Ruwa ba ya tsami banza. A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi United a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin kuma rance ne da suka ɗora a wuyan ƙungiyar, wadda kafin zuwansu ba ta da bashi. Tun daga lokacin sama da fam biliyan ɗaya ya fita daga asusun ƙungiyar wajen biyan kuɗin ruwa, da ribar masu hannun jari, da sauran kuɗaɗen da suka shafi bashin. Rabin abin da ake nema yau don sabon fili ke nan. A cikin waɗannan shekaru Arsenal da Tottenham suka gina sababbi, Liverpool da City suka faɗaɗa nasu, Old Trafford kuwa sai fenti da ƴan faci.

Saboda haka zaɓin da ke gaban United yau sakaci ne ya haife shi. Da an riƙa gyara ɓangare ɗaya duk bayan ƴan shekaru, da maganar rushewa ba ta taso ba. Wannan darasi ba sai an je Turai za a koye shi ba: a watan Satumbar 2024 Mena ta karɓi baƙuncin Ghana a Berkane ta ƙasar Maroko, wasan da sunansa na gida ne, saboda filin Janar Seyni Kountché na Yamai bai cika sharuɗɗan CAF ba.

A watan Fabrairun 2024 attajirin Birtaniya Sir Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, ya sayi sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyar, ya karɓi ragamar harkokin ƙwallo. Nan da nan aka kafa kwamiti ƙarƙashin Sebastian Coe, cikinsa har da tsohon kyaftin Gary Neville da magajin yankin Greater Manchester, Andy Burnham. Kwamitin ya gano cewa gyara zai iya kai filin ga mutum 87,000, sabon gini kuwa 100,000.

Layin dogon da ya tsaya a gaba

Me ya hana gyaran? Babban cikas shi ne ɓangaren kudu, wanda ke ɗauke da sunan Sir Bobby Charlton. Shi ne mafi gajarta cikin ɓangarori huɗu, kuma layin dogo ya bi ta bayansa, ga gidajen jama'a a tsallake. Idan za a ɗaga shi, sai an yi gini ta saman layin dogon, aiki mai tsada da ɗaukar lokaci. Na biyu, gyara na nufin rufe wani ɓangare na tsawon shekaru, kowane wasa a yi asarar dubban tikiti. A kakar 2023/24 United ta samu kusan fam miliyan 137 daga ranakun wasa kaɗai, kuma ƙungiyar da ke fama da bashi ba za ta so a taɓa wannan kuɗi ba. Ƙaura ta wucin gadi ma babu inda za a yi ta. Tottenham ta samu Wembley a Landan lokacin da take gini, amma a arewacin Ingila babu filin da zai ɗauki jama'ar United, kuma zamanin da za ta je ta yi haya a gidan City ya wuce.

Sabon gini ya warware wannan matsala: a ci gaba da wasa a Old Trafford har ranar da za a tare. Kamfanin Foster + Partners na shahararren mai zanen gini Norman Foster ne ya yi zanen, da wata babbar rumfa mai kama da laima da za ta tara ruwan sama da hasken rana, da ginshiƙai uku da mafi tsawonsu zai kai mita 200. An ce za a ƙera sassan ginin a wani wuri, a kawo su ta mashigar ruwan Manchester a haɗa, don a gama cikin shekara biyar. Wasu sun yaba, wasu sun ce ya fi kama da tantin ƴan wasan dabo.

Abin mamaki, jirgin ƙasan da ya hana gyara shi ne kuma ya tare sabon ginin. Wani ɓangare na filin da aka buƙata a shirin 2025 tashar sauke kaya ce ta kamfanin Freightliner. A 2025 jaridun Ingila sun ruwaito cewa kamfanin na neman kusan fam miliyan 400, United kuwa ta yi wa wurin kuɗi kusan miliyan 50. Burnham ya nuna cewa hukuma na da ikon karɓar filin ta biya diyya idan ciniki ya gagara, amma irin wannan hanya kan ja shekaru.

Waɗanda suka riga ta

Magoya bayan Arsenal sun san kuɗin sabon gida. A 2006 ƙungiyar ta bar Highbury mai ɗaukar mutum 38,000 ta koma Emirates mai 60,000, aikin da ya ci kusan fam miliyan 390. Shekarun da suka biyo baya Arsène Wenger ya yi su ne da ɗaurarren hannu. Thierry Henry ya tafi, Cesc Fàbregas ya tafi, Samir Nasri ya tafi, a 2012 kuma Robin van Persie ya koma United ɗin nan ya ɗauko mata kofin Firimiya na 2013, wanda shi ne na ƙarshe a zamanin Sir Alex Ferguson. Daga 2005 zuwa 2014 Arsenal ba ta ɗaga babban kofi ko ɗaya ba. Kuma a tuna, Arsenal ta shiga wannan hali ne tana zuwa Kofin Zakarun Turai kowace shekara. United ta ƙare kakar 2024/25 a mataki na 15, ta kuma sha kashi a hannun Tottenham a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao.

Tottenham ta buɗe nata a 2019 a kan kusan fam biliyan ɗaya, ta mayar da shi kasuwa: ƙwallon Amurka, damben Anthony Joshua da Oleksandr Usyk a 2021, manyan bukukuwan mawaƙa irin su Beyoncé. Wannan ne abin da ke sa masu kuɗi kwaɗayin sabon gini, fili mai kawo kuɗi ko babu wasa.

Misalin da masu son gyara ke kawowa shi ne Liverpool. Ita ma ta taɓa shirin barin Anfield ta gina sabo a Stanley Park, aka yi zane, aka kashe kuɗi, ba a aza ko tubali ba. A 2012 sababbin masu ƙungiyar suka yanke shawarar zama. Suka ɗaga babban ɓangare a 2016, suka ƙara na Anfield Road daga baya, filin ya tashi daga mutum 45,000 zuwa 61,000 a kan kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da Tottenham ta kashe. A tsakanin nan ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2019 da Firimiya a 2020 da 2025. Bambancin shi ne abin da ya tare Liverpool gidaje ne da aka saye aka rushe, wanda shi ma ya bar ƙorafi a unguwar, ba layin dogo ba.

Gyara kuma ba kullum yake da araha ba. Real Madrid ta sabunta Santiago Bernabéu da kuɗin da ya haura Euro biliyan ɗaya, ta kuma yi sa'ar buga wani ɓangare na lokacin aikin a ƙaramin filinta zamanin korona, sa'ad da dama babu ƴan kallo. Sakamakon ya fito: a kakar 2023/24 ta zama ƙungiya ta farko da kuɗin shigarta ya haura Euro biliyan ɗaya. Barcelona kuwa ta bar Camp Nou a 2023 ta koma Montjuïc, aikin ya yi ta jinkiri, ba ta dawo gida ba sai a watan Nuwamban 2025, shi ma ba a gama ba.

Wa zai biya?

A ƙarshen 2024 United ta tambayi magoya bayanta, sama da 50,000 suka amsa. Kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi sabon gini, kashi 31 suka ce a gyara, sauran ba su tsayar da ra'ayi ba. Rinjaye ne, amma siriri, kuma an ba da amsar ne kafin kowa ya san nawa kujera za ta koma.

Alamun da aka gani ba masu kwantar da hankali ba ne. A tsakiyar kakar 2024/25 ƙungiyar ta mayar da ragowar tikitin wasanninta fam 66, kusan jika 50 na sefa, ba tare da rangwame ga yara ko tsofaffi ba, abin da ya jawo zanga-zanga a ƙofar filin. Ta sallami ma'aikata 250 a 2024, ta sanar da rage wasu da za su iya kai 200 a 2025. Ta shaida wa magoya baya cewa ta yi asarar sama da fam miliyan 300 cikin shekara uku. Ratcliffe da kansa ya ce ba don an tsuke bakin aljihu ba, da kuɗin ƙungiyar sun ƙare kafin ƙarshen 2025.

Gwamnatin Birtaniya ta goyi bayan raya unguwar da ke kewaye, wanda masu shirin ke cewa zai samar da ayyuka 92,000 da gidaje 17,000, amma an fayyace cewa kuɗin gwamnati ba zai shiga ginin filin kansa ba. Abin da ya rage shi ne sabon rance a kan tsohon bashi, ko sayar da sunan filin ga wani kamfani kamar yadda Arsenal da City da Everton suka yi, ko masu ƙungiyar su zuba nasu kuɗin, abin da iyalan Glazer ba su saba yi ba. Duk hanyar da aka bi, ƙarin kujeru 26,000 ba za su biya fam biliyan 2 da farashin talaka ba. Kujerun manya da ɗakunan alfarma ne ke biyan irin wannan bashi.

Ga mai kallo a Tawa ko Maraɗi, ko ɗan Nijar da ke aiki a Abidjan ko Tripoli, tsadar tikiti ba ta shafe shi kai-tsaye. Abin da ya shafe shi shi ne ƴan wasan da za a iya saye a shekarun da ake biyan bashin, da kuma ko Stretford End ɗin da yake jin amonsa ta talabijin zai ci gaba da cika da masu waƙa ko zai koma na masu ɗaukar hoto. Dalilan injiniyoyi na barin Old Trafford masu ƙarfi ne, kuma da wuya a musanta su. Dalilan kuɗi ne har yanzu ba a shimfiɗa wa kowa ba.

Game da makomar tsohon filin, an taɓa tunanin rage girmansa a bar wa ƙungiyar mata da matasa, kamar yadda Everton ta yi da Goodison Park bayan ta tare a sabon gidanta na bakin ruwa a 2025. Shugabannin United sun nuna cewa da wuya hakan ta yiwu, wato rushewa ce ke jiransa. Burin da suka bayyana a 2025 shi ne tarewa a kakar 2030/31, da kuma karɓar wasan ƙarshe na Kofin Duniya na mata a 2035.