Tsohuwar Fankar Banɗaki: Yadda Ake Sauya Ta da Sabuwa Mai Kunna Kanta

A gidajen da banɗaki yake cikin ɗakin kwana, akwai 'yar fankar da ake maƙalawa a bango ko a silin don ta riƙa zuƙe tururi da wari tana fitarwa waje. Da wuya a tuna da ita sai ta fara ƙara kamar injin niƙa. Kafin nan kuwa danshi ya gama ɓarnarsa: fenti ya fara ɓarewa, baƙin fumfuna ya bi layin tayal, ƙofar katako ta kumbura. Ga mai asma, shaƙar iskar ɗaki mai fumfuna na iya tayar masa da ciwon.

Tana ja ko juyawa kawai take?

Gwajin ba ya buƙatar wata na'ura. A kunna fankar, a kanga mata falle ɗaya na tishu. Idan ta riƙe shi, tana ja. Idan ya faɗo, ko dai ƙura ta toshe ta ko motar ta gaji. A fara goge fukafukan da murfin, domin ƙurar hunturu kaɗai kan rage mata ƙarfi. Idan an sake gwadawa ba ta canza zani ba, lokacin sauyi ya yi.

Lissafin girma

A jikin kwalin fanka ana rubuta yawan iskar da take fitarwa, ko da m³/h ko da CFM. Cibiyar Home Ventilating Institute ta Amurka ta ba da shawarar a sauya iskar banɗaki sau 8 a awa ɗaya, kuma kada ƙarfin fankar ya gaza CFM 50, wato kusan m³/h 85. Banɗaki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5 da tsayin mita 3 yana ɗauke da iska m³ 9. Idan aka ninka sau 8 za a samu 72, don haka fanka mai m³/h 85 ta wadatar.

A kuma auna ramin tsohuwar kafin a je kasuwa. Mafi yawa inci 4 ne ko inci 6. Sayen daidai girman yana hana fasa bango da kiran magini.

Abin da za a duba a jikin kwali

Na farko shi ne ƙarfin wuta. Najeriya, Nijar da Ghana suna kan bolt 220 zuwa 240, Amurka kuwa 120. Wanda ya yi odar fankar da aka ƙera don Amurka ya jona ta kai tsaye, ƙonewa za ta yi. Na biyu, alamar IPX4 ko sama da haka, wadda ke nuna fankar na jure fallatsin ruwa. Na uku, murfin baya mai rufe kansa idan ta tsaya, shi ne ke hana sauro da ƙura shigowa. Masu sola su nemi mai motar DC, ta fi ƙarancin cin wuta, ta kuma fi shiru.

Inda waya ta shigo

Wasu sababbin fankoki suna da na'urar auna danshi, suna tashi da kansu idan tururi ya yi yawa. Wasu kuma suna da agogo, su ci gaba da aiki bayan an kashe fitila. Minti 20 bayan wanka shi ne abin da aka fi ba da shawara. Mai fanka ta gama-gari zai iya ƙara mata ƙaramin makunni mai Wi-Fi irin na Sonoff ko Shelly, ya saita lokacin a manhajar wayarsa. Yawancinsu suna aiki ne da Wi-Fi mai 2.4GHz, kuma suna buƙatar wayar nitiral, wadda ba kowane akwatin makunni ke da ita ba.

Yanayi ma yana da tasiri. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a riƙe danshin cikin gida ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. Amma a watan Agusta, tsakiyar damina, iskar waje kanta takan wuce haka a Kano ko Kaduna, sai fankar da aka saita a kan 60 ta ƙi tsayawa, ta cinye batir a banza. Da damina a ɗaga saitin. Da hunturu kuwa iska a bushe take, na'urar ba lallai ta tashi ba alhali wari yana nan, shi ya sa ake barin makunnin hannu.

Ranar ɗaurawa

Ɗauke wuta ba kariya ba ce, domin ana iya dawo da ita hannun mutum na kan waya. A kashe babban makunnin gida, da inbata, da janareto, sannan a tabbatar da tasta. Wanda bai san harkar wuta ba ya kira mai gyaran lantarki, ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida tukuna.

Dole bututun ya fita har waje. Idan ya tsaya cikin rufi, danshin zai taru a can ya ruɓar da katako. A kuma bar ɗan fili kamar kaurin yatsa a ƙasan ƙofa, ta nan sabuwar iska za ta shigo ta maye gurbin wadda aka fitar. Idan an gama, a maimaita gwajin tishu da ƙofar a rufe.