Sa'adu Ɗan Abi Waƙƙas, Maharbi Kuma Uban Iyali

A wannan mako muna so mu tuna wa masu karatu rayuwar wani babban sahabi, watau Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, wanda shi ne na ƙarshen rasuwa cikin mutum 10 da aka yi wa bushara da Aljanna. Jama'a sun fi saninsa da jagorancin yaƙin Ƙadisiyya. Amma mu abin da za mu duba shi ne yadda ya riƙe gidansa, da yadda ya yi amfani da tsawon ran da Allah Ya ba shi.

Sa'adu ɗan ƙabilar Banu Zuhra ne, dangin Amina mahaifiyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya sa Manzon Allah yakan kira shi kawunsa. Ya musulunta yana ɗan shekara 17. Mutum ne na baka da kwari tun yana saurayi, ba ya gudun rana, ba ya tsoron daji, kuma shi ne farkon wanda ya harba kibiya saboda ɗaukaka addinin Allah. A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah da kansa ya riƙa miƙa masa kibau yana harbawa. Da ya manyanta yakan ba da labarin yadda guzuri yake yanke musu a wurin yaƙi, har su koma cin ganyen itatuwan ƙaya.

Jarrabawarsa ta farko a cikin gida ta same shi. Mahaifiyarsa ta rantse ba ta ci ba ta sha sai ya bar addininsa, har yunwa ta galabaitar da ita. Sa'adu kuwa mai biyayya ne gare ta, amma bai ja da baya ba. A kan irin wannan al'amari aka saukar da hukuncin da ke cikin Suratu Luƙman, cewa ba a bin iyaye a kan shirka, amma duk da haka a zauna da su da kyautatawa a duniya.

A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, watau 632, ciwo ya kwantar da shi a Makka har ya fid da rai. Manzon Allah ya je gaishe shi. Sa'adu mai dukiya ne, kuma a lokacin 'ya ɗaya tak gare shi, saboda haka ya nemi izinin ya sadaukar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa. Aka hana shi. Ya ce to rabi, aka hana shi. Sai aka yardar masa da sulusi, aka kuma nuna masa cewa sulusin ma da yawa, domin mutum ya bar magadansa cikin wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. Aka ƙara masa da cewa duk abin da ya ciyar don Allah yana da lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Wannan hadisi yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma a kansa alƙalanmu suke tsayar da wasiyya a kan sulusi. Lalle 'yan kasuwarmu su lura. Mutum ya gina masallaci a bakin hanya, alhali 'ya'yansa ba sutura ba makaranta, bai fahimci wannan hadisi ba.

A wannan zama ne kuma Manzon Allah ya yi masa albishir cewa mai yiwuwa a jinkirta masa, har wasu su amfana da shi, wasu kuma su cutu. Haka kuwa aka yi. Ya rayu fiye da shekara 40 bayan wannan ciwo, Allah Ya ba shi 'ya'ya da yawa, cikinsu akwai Amiru da Mus'abu da A'isha waɗanda suka ruwaito hadisai daga gare shi. An ruwaito cewa yakan koya wa 'ya'yansa addu'ar neman tsari kamar yadda malami yake koya wa yara rubutu: tsari daga tsoro, da fitinar duniya, da azabar kabari, da kuma tsufa na wulaƙanci.

A zamanin Sayyidina Umaru ya jagoranci rundunar da ta karya Farisa a Ƙadisiyya a shekarar 636, ya ci Mada'in, sa'an nan ya kafa birnin Kufa a 638, ya zama gwamnanta. Ba a daɗe ba wasu mutanen Kufa suka kai ƙararsa Madina, har suka ce bai iya salla ba. Umaru ya aika aka bi masallatai ana tambaya, kowa yana yabonsa, sai mutum ɗaya ya miƙe ya ce ba ya raba ganima daidai, ba ya adalci a shari'a. Sa'adu ya roƙi Allah, in mutumin nan ƙarya yake yi don a gan shi, Ya tsawaita ransa da talaucinsa, Ya jefa shi cikin fitina. An ga mutumin daga baya, girarsa ta rufe idanunsa don tsufa, yana tare 'yan mata a hanya, yana cewa addu'ar Sa'adu ce ta kama shi. Ga tsawon rai iri biyu ke nan, mai hankali ya zaɓa.

An sauke Sa'adu daga muƙami, bai tayar da hankalin kowa ba. Umaru kuwa, da ajali ya zo masa a 644, ya sa shi cikin mutum 6 da za su zaɓi Halifa, ya kuma shaida cewa bai sauke shi don kasawa ko ha'inci ba. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ko ritaya bisa ƙazafi, yana da abin rarrashin zuciya a nan, mai rubuta takardar ƙarar ƙarya kuma yana da abin tsoro.

Da fitina ta ɓarke bayan kisan Sayyidina Usmanu, Sa'adu ya ƙi zare takobi a kan Musulmi, ya koma cikin raƙumansa da tumakinsa. Ɗansa Umaru ya bi shi can yana yi masa ƙorafi, wai ya zauna cikin dabbobi ya bar mutane suna jayayya a kan mulki. Sai ya bugi ƙirjinsa ya ce ya yi shiru, domin ya ji daga Manzon Allah cewa Allah Yana son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, wanda ba ya neman a san da shi.

Ya rasu a gidansa na Aƙiƙu kusa da Madina, wajen shekara ta 55 bayan Hijira, yana da fiye da shekara 70. Ya yi wasiyya a yi masa likkafani da tsohuwar jubbarsa ta ulu wadda ya sa ranar Badar, wadda ya daɗe yana adanawa domin wannan rana. Aka ɗauko shi a kafaɗa har maƙabartar Baƙi'a. Allah Ya ba mu tsawon rai mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu cika da imani. Amin.