Yadda Za Mu Kula da Keke Mai Batir

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, 'yan'uwa da dama suna tambayarmu game da keke mai batir. Amsarmu ita ce, ran keken nan yana cikin batirinsa, kuma zafi da ruwa ne ke kashe shi. Mu a bakin tafkin Kainji, duka biyun muna da su.

In an dawo daga tafiya cikin rana, kada a jona caji nan take. A bar batirin ya huce a inuwa tukuna. A yi amfani da cajar da ta zo da keken, ban da ta aro. Kada a kwana ana caji a ɗakin barci, ko kusa da zana da buhunan hatsi, gama wutar irin wannan batir tana da wuyar kashewa. Wanda ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi fili, a daina aiki da shi.

In za a ƙetare da keken a kwale-kwale zuwa kasuwar Wara ko Yauri, a cire batirin a naɗe shi a leda. Wanka kuwa, jiƙaƙƙen tsumma ya isa.

Kowace safiya a gwada birkin gaba da na baya, domin ya fi keken da muka saba nauyi da gudu. A taɓa iskar taya, a kaɗa ƙararrawa. Keken nan shiru yake tafiya, yara da awaki ba sa jin zuwansa.