Awa ɗaya a mako: abin da aka gano a Kingston

Yau Jamaika za mu je, wani tsibiri can yankin Karibiyan, don akwai wani aiki da aka yi da yara da iyayensu mata da har gobe masana ke magana a kai.

A 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta na Jami'ar West Indies suka shiga unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin ƙasar. Suka zaɓi yara 129, 'yan wata 9 zuwa wata 24, dukkansu sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka riƙa ba su madara kilo ɗaya duk mako. Wasu aka riƙa kai musu ziyarar wasa. Wasu suka samu duka biyun, rukuni na huɗu kuma ba madara ba wasa. Haka aka yi shekara biyu.

To mece ce ziyarar wasan nan? Ma'aikaciyar lafiya ce ta unguwa, ba wata farfesa ba, take zuwa gida sau ɗaya a mako, ta yi awa ɗaya. Kuma ku lura, ba don ta yi wa yaro wasa ta tafi ba ne. Uwar take koya wa. Ta nuna mata yadda za ta riƙa kiran sunan abin da yaro ya taɓa, ta buɗe masa littafin hotuna tana tambayarsa, ta yaba masa in ya yi daidai maimakon tsawa. Kayan wasan ma ba na kanti ba ne, da hannu ake haɗa su daga tarkacen gida. A bar wa uwa su, mako mai zuwa a kawo wasu a musanya. Lissafin mai sauƙi ne: baƙuwa awa ɗaya take yi, uwa kuwa kullum tana nan.

Da shekara biyun ta cika, madara ta yi amfani, wasa ma ya yi, waɗanda suka samu duka biyun su suka fi kowa. Amma da yaran suka ci gaba da girma, sai tasirin madarar ya riƙa dusashewa, na wasan ya tsaya. Kar wani ya ce na ce abinci ba komai ba ne fa. Su kansu masu binciken sun lura ana raba madarar da sauran 'yan gida, kuma gaskiya wace uwa ce za ta ba ɗa ɗaya tana kallon sauran?

Bayan shekara ashirin aka sake bin sawunsu, aka samu 105 daga cikinsu, har da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ingila. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2014, cikin marubutan akwai Paul Gertler da James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000. Waɗanda aka kai wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a kai wa ba da kashi 25 cikin 100. Har sun kamo sa'anninsu da ba su taɓa tsumburewa ba.

Ni dai inda nake taka-tsantsan shi ne adadin. Yara 129 ba su da yawa, kuma ana sa ido sosai kan masu ziyarar. In gwamnati ta ce za ta yi wa gidaje dubu ɗari, wa zai horar da ma'aikatan, wa zai tabbatar sun je? Daga wannan aikin ne aka fitar da tsarin da ake kira Reach Up, kuma ƙasashe irin su Bangaladash da Kolombiya da Peru sun gwada irin wannan ziyara a nasu gidajen. Yadda ta kaya da aka faɗaɗa ta, shi za mu ɗauko a shiri na gaba. Sai mun haɗu.