Yadda busasshen kara zai amfani bisashe

Da bazara ta shigo, haki ya ƙare a daji. Abin da ya rage wa shanu da tumaki da awaki shi ne karan hatsi, da karan dawa, da busasshen haki. Bisa tana ci ta cika ciki, amma kullum sai ramewa take. Saniya ta janye nono. San noma ya kasa jan garma in ruwan shuka ya sauka. Mi ke kawo haka?

Aikin tumbi

Cikin bisa mai tuƙa kashi 4 ne. Babbansu shi ne tumbi. Cikin tumbi akwai ƴan ƙananan halittu masu ɗimbin yawa, waɗanda ido ba ya gani. Su ke narkar da abin da bisa ta ci. Suna fid da wani sinadari wanda masana ke kira anzim. Aikin anzim kamar na wuƙa ne: yana yayyanka zaren haki har jiki ya iya shanye amfaninsa. Mace mai naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda don ya yi laushi, ita ma da anzim take aiki.

Ɗanyen haki na damina yana da laushi, yana narkewa da sauri. Busasshen kara kuwa ya yi tauri kamar icce, kuma abin gina jiki kaɗan ne cikinsa. Sai ya daɗe cikin tumbi, ya hana bisa ƙara ci. Kusan rabinsa ma fita yake cikin kashi.

Anzim na masana'anta

Masana sun gano yadda ake samun anzim daga wasu irin funfuna. Ana yin sa gari ko ruwa-ruwa. Tun shekarun 1990 ake gwada shi ga shanu a Kanada da Amurka. Ana dama shi kaɗan da ruwa, a yayyafa ga abinci kafin a ba bisa. Sai ya fara sassauta zaren, halittun tumbi su ƙarasa aikin.

A wasu gwaje-gwajen, shanu sun ƙara nono da ƙiba. A wasu kuwa ba a ga canji ba. Anzim mataimaki ne, ba abinci ba ne. Ba ya iya karya ɓangaren kara da ya zama icce. Kuma daga nesa yake zuwa, da kuɗinsa. Saboda haka kada mai kiwo ya sayi wani gari a kasuwa da sunan anzim, sai ya tambayi ma'aikacin kiwo.

Abin da ke hannu

Ko babu anzim na saye, mai kiwo yana iya taimakon tumbin bisarsa.

1. A daddatse kara guntu-guntu, kamar tsawon yatsa.

2. A jiƙa shi da takin zamani ire. Ga karan kilo 100, a narkar da ire kilo 5 cikin ruwa lita 50. A shimfiɗa kara cikin rami ko rumbun ƙasa, a yayyafa ruwan, a tattake, a ƙara wani bisa. A rufe da leda, kada iska ya shiga, har kwana 21. In an buɗe, za a tarar da shi ya yi laushi, ya yi duhu, yana wari mai ƙarfi. A ɗebi na gobe a shanya shi cikin inuwa, a mai da rufi.

3. A haɗa da ƴar dusa, ko harawa, ko ƙuli-ƙuli, da gishiri, da isasshen ruwan sha.

Hattara!

Ire guba ne in bisa ta ci shi tsurarsa ko ta sha ruwansa. A ɓoye buhu da bokiti nesa da bisashe da yara. Kada a ba maraƙi ko ɗan tunkiya da bai fara tuƙa ba. A fara ba manya kaɗan-kaɗan har sati guda, sai cikinsu ya saba.

Karan da aka bari a gona, rana da gara ke cinye shi. Mai son bisarsa ta kai damina da ƙarfinta, tun kaka yake tara kara ya adana. Tun ran gini, ran zane.