Akwatin Giya da Jan Kaya: Darasi daga Tsofaffin Akori-kura na Amurka

Gabatarwa

A ƙasar Amurka, manoma da makiyaya da magina sun daɗe suna dogara da manyan motocin akori-kura, irin su Ford F-250 da Chevrolet K20 da Dodge Ram, wajen jan tirela mai ɗauke da shanu ko dawaki ko ƙaramar tarakta. Da yawa daga cikin motocin da aka ƙera tun daga shekarun 1970 zuwa na 1990 suna nan suna aiki, kuma masu su kan sauke akwatin giyar da mota ta zo da shi su ɗora wani daban. Wannan maƙala za ta duba dalilin yin haka, da lissafin da ake yi kafin a zaɓi akwati, da kuma iyakar abin da sauyin zai iya yi wa mota. Za mu tsaya ne a kan giyar hannu, wato wadda direba ke taka kuloci ya sauya da kansa.

Aikin akwatin giya

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, akwatin giya ba ya ƙirƙirar ƙarfi, musaya kawai yake yi. Yana karɓar saurin juyi daga inji ya mayar da shi ƙarfin murɗawa, ko kuma ya karɓi ƙarfin murɗawa ya mayar da shi sauri. Idan ƙaramar giya mai haƙora 15 tana juya babba mai haƙora 45, sai ƙaramar ta zagaya sau 3 kafin babbar ta zagaya sau 1. Saurin ya ragu kashi uku ke nan, amma ƙarfin murɗawa ya ninka sau uku. Wannan shi ake rubutawa 3:1. Duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai giya ya ji wannan musaya a ƙafafunsa.

A cikin mota sau biyu ake rage juyi: sau ɗaya a akwatin giya, sau ɗaya kuma a aksul na baya, inda farfela ke miƙa juyi ga tayoyi. Don haka ana ninka lambobin biyu ne kafin a san ainihin ƙarfin da ya isa ƙasa. A irin waɗannan motoci an fi samun aksul mai 3.55:1 ko mai 4.10:1.

Bari mu ɗauki misali. A ce inji yana ba da ƙarfin murɗawa na niyuton-mita 400, aksul ɗin 4.10 ne, tayar kuma faɗinta santimita 80, wato daga tsakiya zuwa ƙasa mita 0.4. A ce mota da tirela sun haɗa nauyin kilogiram 6,000, kuma suna hawa tudun da ke tashi mita 10 a kowace mita 100. Nauyin kaɗai yana jan su baya da ƙarfin da ya kai kusan niyuton 5,900. A giyar da ke da 1:1, abin da ke isa ƙasa shi ne 400 sau 4.10 a raba da 0.4, wato niyuton 4,100. Bai isa ba, gudun motar zai yi ta raguwa har injin ya mutu. Idan direba ya koma giya mai 1.67:1, ƙarfin ya zama kusan niyuton 6,850, motar ta hau. Ba mu cire abin da gogayya da iska ke cinyewa ba, amma hoton ya fito.

Tsofaffin akwatuna masu giya huɗu

Akwatunan da suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980 su ne Muncie SM465, wanda kamfanin General Motors ya yi amfani da shi daga 1968 zuwa 1991, da New Process NP435, da Borg-Warner T18. An yi jikinsu da baƙin ƙarfe na zubi, kuma sun yi suna wajen juriya. Giyoyin SM465 su ne 6.55 da 3.58 da 1.70 da 1.00. Giyar farko ta T18 kuwa 6.32 ce.

Amurkawa suna yi wa wannan giya ta farko laƙabi da "giyar kaka", saboda takan sa mota ta rarrafa kamar tafiyar tsohuwa. Amfaninta a wajen tashi ne. Da aksul 4.10, jimillar ragi takan kai kusan 27:1, don haka direba zai iya ɗaga ƙafa daga kuloci da wuri, motar ta motsa da kaya ba tare da ya daɗe yana zamar da faifan kuloci ba. Zamar da kuloci kuwa ita ce ke haifar da zafin da ke ƙone shi.

Illar waɗannan akwatuna iri biyu ce. Ta farko, tazarar da ke tsakanin giyoyi tana da faɗi. Daga 3.58 zuwa 1.70, juyin inji yakan faɗi da fiye da rabi, kuma a kan tudu wannan faɗuwa tana iya fitar da injin daga inda ƙarfinsa yake. Ta biyu, giyar ƙarshe 1:1 ce. Tayar da muka ambata tana cin kusan mita 2.5 a kowane zagaye, saboda haka a gudun kilomita 100 cikin awa tana zagayawa kusan sau 667 a minti ɗaya. Idan aka ninka da 4.10, injin yana juyi fiye da sau 2,700 a minti. Sakamakon haka shi ne ƙara da shan mai da saurin tsufan inji.

A lokacin da dokar 1974 ta taƙaita gudu a Amurka zuwa mil 55 cikin awa, wato kusan kilomita 89, ana iya haƙuri da wannan. Amma an sassauta dokar a 1987, aka soke ta a 1995. Ga kuma injinan dizal da suka shigo, kamar Cummins mai lita 5.9 da Dodge ya fara sawa a 1989, wanda iyakar ƙarfinsa ke wajen juyi 2,500 a minti. Irin wannan inji ba zai iya dogon gudu da 1:1 da aksul 4.10 ba.

Zuwan giya ta biyar

Maganin da aka samu shi ne ƙara giya ta biyar wadda lambarta ba ta kai 1 ba, ta yadda farfela za ta fi inji saurin juyi. Akwatuna biyu ne suka fi shahara wajen masu sauyi. Na farko shi ne NV4500, na kamfanin New Venture Gear da General Motors da Chrysler suka kafa tare a 1990. Ya fito a 1992, kuma yawancin samfurinsa yana da 5.61 da 3.04 da 1.67 da 1.00, sai giya ta biyar mai 0.73 ko 0.75. Na biyu shi ne ZF S5-42, ƙirar kamfanin ZF na Jamus, mai jikin alminiyam, wanda Ford ya fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1980. Da giya mai 0.73, juyin injinmu a gudun kilomita 100 ya sauko daga 2,700 zuwa kusan 2,000.

Sai dai a lura, giya ta biyar ba ta jan kaya ba ce. A misalinmu na tudu, niyuton 3,000 kacal za ta kai ƙasa, kusan rabin abin da ake bukata. Bugu da ƙari, a giya mai 1:1 sandar da ke shigo da juyi da wadda ke fitar da shi sukan kulle su zama kamar sanda guda, nauyin ba ya bi ta kan haƙora, shi ya sa ta fi kowace juriya da rashin zafi. A giya ta biyar kuwa dole ya bi ta kan haƙora da boris. NV4500 da ke bayan injin Cummins ya yi ƙaurin suna a nan: idan direba ya saba jan kaya a giya ta biyar inji yana juyi a hankali, girgizar dizal takan kwance notin da ke riƙe da giyar, ta zame daga mazauninta, mota ta rasa giya ta biyar baki ɗaya. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Makanikai kan magance wannan da sanda mai cikakkun tsage-tsage da noti mai makulli.

Abubuwan dubawa kafin sauyi

Akwati mai kyau da bai dace da mota ba asara ce. Na farko a duba ƙoƙon da ke rufe kuloci, wanda ke haɗa akwati da inji, domin ramukan kusoshinsa sun bambanta daga inji zuwa inji. A ZF na Ford ƙoƙon haɗe yake da jikin akwatin, don haka wanda aka yi wa injin dizal ba zai hau na fetur ba. Lambobin giyarsu ma sun bambanta: akwai mai farawa da 5.72, akwai mai farawa da 4.14, kuma na biyun zai wahalar da kuloci idan aksul ɗin 3.55 ne kaya kuma ya yi nauyi.

Na biyu, kauri da tsawo da yawan tsage-tsagen sandar da ke shiga faifan kuloci dole su dace da faifan. Na uku, tsofaffin motoci da sandunan ƙarfe ake danna kulocinsu, sababbin akwatuna kuwa da matsin mai, saboda haka sai an sauya feda da famfonta. Na huɗu, idan tsawon akwati ya bambanta, sai an yanke farfela ko an ƙara mata tsawo, a daidaita nauyinta don kada ta yi rawa, a kuma matsar da ƙarfen da ke tallafe da akwatin a jikin shasi. Idan motar fowil ce, sai an tabbata bayan akwatin ya dace da ƙaramin akwatin da ke raba juyi zuwa tayoyin gaba. Na ƙarshe shi ne mai. Zobban daidaita gudu na NV4500 suna bukatar man giya na musamman, mai lamba 75W-85 GL-4, kuma zuba masa wani daban yana cinye zobban.

Abin da sauyi ba ya iya yi

Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙira suka yarda ta ja, kuma ba akwatin giya kaɗai aka duba wajen tsayar da ita ba. An duba birki da shasi da aksul da tayoyi da lagireto. Sauya akwati ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan wannan iyaka. Haɗarin ma ya fi yawa a gangara. Idan kilogiram 6,000 suka sauko daga tsayin mita 300, makamashin da dole a kawar ya haura jul miliyan 17, wanda ya isa ya kai ruwa fiye da lita 50 ga tafasa. Idan birki kaɗai aka bar wa wannan zafi, zai yi laushi ya daina kamawa. Shi ya sa gogaggun direbobi kan sauka gangara da giyar da suka hau tudu da ita, domin inji ya taya birki riƙo. Injin dizal bai kai na fetur riƙo ba, domin ba shi da marfin da ke shaƙe iskar da yake zuƙa, don haka akan ƙara masa birki a salansa. Babbar tirela kuma dole ta kasance da birkin kanta.

Kammalawa

Kamfanin Ram ne na ƙarshe da ya sayar da babbar akori-kura mai giyar hannu a Amurka, kuma ya daina bayan samfurin 2018. Tun daga nan, mai son irin wannan mota sai dai ya riƙe tsohuwa ya gyara. Lissafin kuwa bai tsufa ba, kuma yana aiki a kan Peugeot 504 ko Toyota Hilux da ke tashar garinku kamar yadda yake aiki a kan Ford. Malami zai iya fita da ɗalibansa da alli da tef na awo, su yi wa taya alama, a tura mota zagaye ɗaya su auna tazarar, su nemo lambobin giya da na aksul a littafin motar, sannan su gano juyin inji a gudun kilomita 80 a kowace giya. Wanda ya iya wannan lissafi zai iya gaya wa makanike akwatin da ya dace tun kafin a kwance kusa ko ɗaya.