Hveragerdi, Garin da Ke Zaune Kan Tukunya

Hveragerdi ƙaramin gari ne a kudancin ƙasar Aislan, kilomita 45 gabas da babban birni Reykjavik, mai mutum kusan dubu uku. Yana gindin duwatsun Hengill masu aman wuta, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke tafasa ba tare da kowa ya hura masa wuta ba. A tsakiyar gari akwai fili da aka zagaye da shinge, tururi na tashi daga ramukansa dare da rana, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai wanda baƙo kaɗai ke toshe wa hanci.

Da wannan zafin ake ɗumama makarantar garin da laburare da wurin ninƙaya da gidajen jama'a. Rijiyar burtsatse ake haƙawa, tururi da tafasasshen ruwa su taso. Da yake ruwan na ɗauke da ma'adinai masu toshe bututu, akan sa shi ya zafafa wani ruwan mai tsabta ta jikin faifan ƙarfe, ba tare da sun gauraya ba. Mai tsabtar ne ke zagaya ɗakuna ta cikin ƙarafan da aka kafa ƙarƙashin tagogi. Ba gawayi, ba gas, ba hayaƙi. A cikin Disamba, lokacin da hasken rana bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba, yara kan tuɓe rigunan sanyi da takalma a bakin ƙofa, su shiga aji da safa.

Dabarar ta daɗe a ƙasar. Tun 1930 aka ja ruwan zafi da bututu zuwa wata makarantar firamare a Reykjavik, yau kuwa kusan gida tara cikin goma na Aislan da zafin ƙasa suke ɗumi. Sanyaya gini bai dami mutanen ƙasar ba, don bazararsu ba ta kai ga gumi. A ƙasashe masu zafi da sanyi duka kuwa, bututun da ake binnewa a ƙasa kan yi aiki biyu: ya jawo ɗumi da hunturu, ya mayar da zafin ɗaki cikin ƙasa da bazara. Wanda ya san ruwan rijiya, mai ɗumi da asubar hunturu, mai sanyi a tsakar rani, ya riga ya fahimci tushen abin.

Zafin ya shiga har tukunya. Akan zuba ƙullin burodi a mazubi, a rufe, a binne a ƙasa mai zafi, washegari a tono shi baƙi-baƙi, mai zaƙi da danshi. A gidajen gilashi ana noman tumatir da kokwamba da furanni alhali ƙanƙara na zuba a waje, makarantar koyon aikin lambu da aka buɗe a 1939 kuwa har ayaba take da ita.

Sai dai zama kan tukunya ba ya rasa fargaba. Ranar 29 ga Mayu 2008 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.3 ta jijjiga yankin, ta farfasa kayan gidaje, ta kuma buɗe sababbin idanun ruwan zafi a gangaren da ke saman garin. Suna nan suna tafasa har yau.